La'asar ɗin da Yarona Ya Bar Sahu

Na ga abubuwa a rayuwa. Rijiya ta taɓa ruftawa ina ciki, aka zaro ni kamar rogo, kuma ko wannan nakan yi watanni ban tuna ba. Amma akwai wata la'asar a masallacin ƙauyenmu, can gefen Sandamu, da ba za ta fita daga raina ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa.

Haƙar rijiya ce sana'ata. Wata bazara sanƙarau ya shigo gidana, ya ɗauki matata, ya bar mini ɗanmu na fari a kwance. Yaron da ke bin awaki a guje ya dawo daga asibiti ba ya iya zama sai an tokare shi. Fitsari da kashi kuwa ba ya sanin fitarsu, sai dai ya ji sanyi a jikinsa. Tsohuwata na gidan, amma idonta ya yi rauni. Wanki ya dawo kaina, na kuma yi.

Da ya ɗan warware ya fara jan gindi, sai ya nace in tafi da shi masallaci kamar da. Na ɗauke shi, na zaunar da shi a gefena. Kafin a idar ya jiƙa shimfiɗa. Ladanmu mutumin kirki ne, ya ja ni gefe ya ce in yi haƙuri in bar shi a gida har Allah ya kawo sauƙi. Gaskiya ya faɗa, ba a salla a kan najasa. Na naɗe shimfiɗar na kai bakin rijiya na wanke. Yaron ya ji komai. Daga ranar, in aka kira salla sai ya juya fuskarsa bango.

Wani da na yi wa rijiya a Daura ne ya ce in kai shi sashen gashin ƙashi na asibitin garin, akwai wata likita da ke aiki da yara irinsa. Na ɗaure shi a bayana da zanen uwarsa, muka hau babur.

Na zaci allura za a yi. Sai na ga mace ta cire takalmi ta zauna a ƙasa tare da shi. Ta lanƙwasa ƙafafunsa, ta sa shi ya miƙo hannu ya ɗauki ƙwallo, ta yi ta kallon yadda yake faɗuwa. Ta tambaye ni ko yana shan ruwa sosai. Na ce muna rage masa don kada ya jiƙa. Ta ce a daina, ƙarancin ruwa ke busar masa da ciki, cikin da ya cushe kuma shi ke danne mafitsara. Sannan ta juya wajensa ta tambayi abin da ya fi so ya iya. Bai dube ni ba. Ya ce salla a masallaci.

Ta ce to da salla za a yi aikin. Ta durƙusar da shi kamar mai tahiya, ta nuna mini yadda zai kafa ƙafa ɗaya, ya dafa gwiwa, ya yunƙura. Ta ce duk bayan cin abinci da duk kiran salla in kai shi bayan gida, ko ya ji ko bai ji ba. Maganar riƙewa kuma ga yadda ta faɗa masa: “Ka matse kamar tusa ta zo maka a gaban baƙi.” Ya fashe da dariya. Rabon da in ji dariyarsa tun uwarsa na da rai.

Ba ta yi mini alkawari ba. Ta ce wasu yaran sukan samu, wasu rabi, kuma aikin a gida yake. Na ji daɗin maganar, don ban saba da mai daɗin baki ba.

Na kafa gwafanni a tsakar gida, na gitta sanduna biyu daidai ƙugunsa, ya riƙa bi tsakaninsu yana dafawa. Tun da ba ya iya tsugunno, na sa kafinta ya yi masa kujera mai rami. Likita ta ba mu balan-balan, ta ce ya riƙa hurawa in ya zauna, hurawar na taimakon ciki ya saki. Ba ya yarda ya hura sai na hura. To ga ni, ƙato da furfura a gemu, tsugune a bakin masai ina hura jan balan-balan. Labari ya fita. Abokan aikina suka riƙa tambayata ko in rijiya ta ƙi ruwa hura mata zan yi. Na ci gaba da hurawa.

Abin bai zo da sauri ba. Wani watan a ci gaba, wani watan zazzaɓi ya mayar da mu baya. Akwai ranar da ya jefar da balan-balan ya ce ya gaji, in ƙyale shi. Na ce ni ma na gaji, tashi. Ya tashi. Muna komawa Daura lokaci-lokaci, likita ta duba, ta ƙara wani abu ko ta rage. Sai da damina biyu ta wuce kafin ya fara takawa ba sanda, yana jan ƙafar hagu, wandonsa kuma yakan wuni a bushe.

Ran nan ranar kasuwa ce, masallaci ya cika da baƙi. Shi ya ce zai bi ni. Na kai shi bayan gida, ya yi alwala, muka tafi. Ladan ya gan mu, ya dube ni. Muka tsaya a ƙarshen sahu.

La'asar ba a bayyana karatu, don haka kowane motsi ana ji. Raka'ar farko ya yi sujada, na ji ya kafa ƙafa, ya yi nishi, ya miƙe. Ta biyu ma haka. Muna cikin ta uku sai na ji kafaɗarsa ta bar jikina. Na ji ƙafar nan tana ja a kan shimfiɗa, tana nisa, ta bi ta gaban mutanen sahun baya. Ba halin in waiwaya. Na ce a raina shi ke nan, ya sake jiƙa shimfiɗa, ya gudu don kunya, kuma wannan karon ba zai ƙara tashi ba. A ƙarƙashin ƙasa ma numfashi bai yi mini wuya kamar a raka'o'in nan ba.

Ana sallama na ɗora tafin hannu inda ya tsaya. A bushe. Na shafa gaba, na shafa baya. A bushe.

Na fita. Yana bayan masallaci a zaune kan dutse da buta, yana sake alwala. Ya ɗago ya ce, “Baba, na ji shi yana zuwa. Na matse har na kai.”

Wani dattijo baƙo, mai sayar da tumaki, ya fito yana faɗa, wai ɗan waye wannan marar tarbiyya da ke ratsa gaban masu salla. A wajenmu mutum ba ya nuna ɗan fari a gaban jama'a, ko sunansa ba ya kama. Na dubi dattijon na ce, “Ɗana ne. Nawa.” Ladan ya kama hannunsa ya ja shi gefe, ban san me ya faɗa masa ba. Yaron ya koma ciki da ƙafarsa, ya tayar da sallarsa daga farko. Na tsaya a bakin ƙofa har ya idar.

Yanzu ya zama saurayi, yana gyaran babura a Daura, har yau yana ɗan jan ƙafar. Ni duk tsawon wahalar nan abin da nake roƙo shi ne ya tsaya a sahu har a yi sallama. Ashe ranar da ya fita ita ce ranar da aikin ya ci. Abin da na koya ke nan: in kana jinyar yaro, kada ka yanke wa sauƙi kamannin da zai zo da su. Ka yi aikin kullum, kuma in ka ji ya bar gefenka, ka duba tukuna kafin ka ce ya faɗi.