Ranar da Kaka Ta Shanye Hotonta

A gidanmu na Kurayyat, wutar da muke zagayewa da yamma ba ta jin ɗumi ba ce. Wa zai nemi ɗumi a Jidda? Wutar sana'a ce. Kakata, wadda ta haifi babanmu, gyaɗa take soyawa ta kai bakin makarantar yara da safe, kuma ba ta yarda ta hura gawayi sai rana ta faɗi. Da an sallame magariba za ta ɗora kasko cike da yashi, ta zauna a kan 'yar kujerarta tana juyawa. Ni da yayata Zainabu aikinmu murje ɓawo da naɗe takardun da ake zuba gyaɗar. Ladanmu tatsuniya, da ƙonannun da ba za su sayu ba.

Mu 'yan Jidda ne, Larabci ya fi zama a bakinmu, Hausarmu kuwa gurguwa ce. Mukan kira ta Sitti kamar yadda yaran maƙwabta ke kiran tasu kakar. Sai ta yi kamar ba ta ji ba. In mun nace ta ce, "Sitti tana gidan Larabawa. Nan Kaka ce." Dokarta ɗaya: wanda bai amsa tatsuniya da Hausa ba, ya tafi ya kwanta. Yau da nake iya rubuta wannan da harshenta, na san wa zan gode wa.

A shekarun alif ɗari tara da sittin ne wani mutum ya fara nuna sinima a wani fili mai katanga a bayan layinmu. Maza ne ke shiga. Mu sai dai mu ji kiɗa da ihu suna tsallako katanga. Ran nan Zainabu, wadda idonta ba ya barin rami, ta sami huda a jikin katangar ta leƙa. Ta dawo a guje tana haki.

"Wallahil azim ya Kaka, sihiri ne! Mutum yana tsaye, sai ya zama hayaƙi, halas, babu shi!"

Kaka ta yi dariya har ludayi ya suɓuce mata cikin yashi. Ta ce, "Ƙawata, ki zauna. Ni da kike gani na zama hayaƙi tun babanku bai san za a haife shi ba. Ga ta nan, ga ta nanku, amma yau babu Gizo babu Ƙoƙi."

Muka ce ta zo mu ji ta.

Kaka tana da shekara kamar sha bakwai ayarinsu na mahajjata ya iso Bur Sudan. Shekara huɗu suka yi a hanya daga ƙasar Haɗeja, suna tafiya suna tsayawa noma da ƙwadago. Uwarta da ubanta duk a hanya aka binne su. Wadda ta rage mata ƙanwar ubanta ce, Goggo Hansai, mace gajera mai faɗa. Suka sauka a zango suna jiran jirgin da zai tsallakar da su teku, kowa ya kama abin yi. Kaka ta sami wanki a gidan wani farin mutum da matarsa. Ba ta taɓa sanin sunansa ko ƙasarsa ba. Hawaja ake ce masa, kamar yadda ake ce wa kowane Bature a can.

Hawaja ɗan dabo ne. Yana da rumfa kusa da tashar jiragen ruwa. Yakan fara da fito da ƙwai daga kunnen mutum, sannan a kashe fitila, matarsa ta juya hannun wata na'ura, hotuna masu motsi su fito a kan farin zane. A lokacin hotunan ba sa magana, ba su da launi. Babban wasansa shi ne akwati. Matarsa za ta shiga, ya rufe, ya buɗe, babu kowa. To, matar ta sami ciki, ƙofar ɓoye da ke ƙasan akwatin ta ƙi ɗaukarta. Ga Kaka siririya kamar muciya. Matar ce da kanta ta roƙe ta ta maye gurbinta.

Kaka ta ce, "Na ce a raina, wane Bahaushe ne zai shiga rumfar Hawaja? Ashe wanda ya ɓoye kansa ya bar ƙafa a waje."

Hawaja bai tsaya a akwati ba. Wata rana da hantsi ya kafa na'urar ɗaukar hoto a tsakar gida, ya sa Kaka ta ɗauko tsohon tulu ta sake shi ya fashe. Sannan ya tsayar da juya hannun na'urar, ya ce ta matsa gefe, ya hura hayaƙi a inda take, ya ci gaba da juyawa. Shi ke nan asirin. Na'ura ba ta san an tsaya ba, abin da ta gani kawai take faɗa. A wannan ɗaukar ya ƙarar da sauran sharit ɗin da yake da shi, wato doguwar igiyar nan mai sheƙi da hotuna ke kamawa a jikinta, kuma daga Masar ake kawo shi.

Da yamma wasa ya zama haka. Kaka ta shiga akwati ta ɓace. A kashe fitila, sai ga ta a kan zane, toka-toka, ɗauke da tulu, bakinta yana motsi babu murya. Tulu ya faɗi ya fashe. Matar Hawaja ta juya hannu baya, sai gutsattsarin su tattaru su yi tsalle su koma kanta. Can sai hayaƙi, babu ita. A kunna fitila, a ji ƙwanƙwasa daga cikin akwati, ta fito. Rumfa ta dinga cika har ana tsayuwa a waje.

Cikin masu tsayuwar nan akwai 'yan dako biyu daga zangonsu. Kafin gari ya waye magana ta zaga: Hawaja maye ne, ya kama kurwar 'yar Goggo Hansai, sun gan ta da idonsu a manne a zane tana kiran taimako babu murya.

Nan Kaka ta tsaya ta yi mana bayanin kurwa, don ba mu san kalmar ba. Ta ce ita ce abin da maye ke kamawa a jikin mutum, ya bar gangar jiki tana yawo har ta bushe ta faɗi. Zainabu ta matso ta manne da ni.

Matan zango suka daina cin abinci a ƙwarya ɗaya da Kaka. Masu goyo suna ganinta sai su juya baya. Ta ce musu akwatin yana da ƙofa a ƙasa, suka ce ai ba ita ke magana ba. Akwai wani malami a ayarin da ya ce wannan camfi ne, amma mutanen da ba su taɓa ganin teku ba suna jiran hawa kansa, tsoro ya fi wa'azi ƙarfi a kunnensu. Ita kuma baƙin ciki ya hana ta ci, zazzaɓi ya rufe ta, aka ce ga shi nan ta fara bushewa. Madugun ayarin ya yanke magana: jirgi zai tashi nan da kwana uku, kuma ba za a ɗauki wadda babu kurwa a jikinta ba, kada ta jawo musu nutsewa. Za a bar ta a Bur Sudan ita kaɗai, bayan shekara huɗu da kaburbura biyu.

Goggo Hansai ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki taɓarya, ta ja hannun Kaka, sai gidan Hawaja. Da gutsuren Larabcinta da kan taɓarya ta gaya masa ya saki abin da ya kama.

Hawaja ya yi dariya, ya ɗauka abu mai sauƙi ne. Ya kifa akwatin ya nuna mata ƙofar ɓoye, asirin da bai taɓa nuna wa kowa ba. Goggo ta ce ta gani, maye ma ai yana da ƙofa. Ya kwance sharit ya ɗaga shi a rana don ta ga hoto ne kawai. Goggo ta duba, ta ga Kaka ƙanana-ƙanana a jere, ɗaruruwa, kowace da tulunta. Ta dafe kai ta sa salati.

"La'ilaha illallahu! Ba kamawa kawai ya yi ba, yayyanka ta ya yi!"

A nan dariyar Hawaja ta tsaya. Ya dubi Kaka ya ga yadda ta rame. Ya tambaye ta da Larabci, ba ta gaya musu gaskiya ba ne? Ta ce ta gaya, kuma jibi jirgi zai tafi ya bar ta. Matarsa ta faɗa masa wata magana da yarensu, hannunta a kan cikinta. Ya daɗe yana kallon sharit ɗin. Sannan ya ɗauko almakashi ya yanke duk inda Kaka take, ya naɗe, ya sa a hannun Goggo. Ya ce ta ƙone shi in tana so.

Goggo ta ce Allah ya kiyaye, ya za a ƙone yarinya? Abin da aka rubuta ai wankewa ake yi a sha, kamar rubutun allo.

Washegari da hantsi aka taru a tsakiyar zango. Goggo ta zuba ruwan zafi a ƙwarya, ta tsoma sharit, ta dinga murzawa da yatsu tana bisimilla. Hotunan suka yi ta saɓulewa, ruwa ya zama toka-toka. Hawaja ya biyo su, yana tsaye a gefe da hularsa a hannu, yana kallon wasan da ya fi kowane cika masa rumfa yana narkewa. Goggo ta miƙa wa Kaka ƙwaryar, ta kafa kai ta shanye.

"Yaya ɗanɗanonsa?" in ji Zainabu.

"Kamar an jiƙa tsohon takalmi da ƙusa. Kwana biyu cikina yana kiɗan kalangu."

Goggo ta ɗaga igiyar a gaban madugu, fara fes, ana hango sama ta cikinta. Ta ce, "Duba da kyau, ko akwai saura?" Madugu ya duba daga farko har ƙarshe, ya ce babu. Don a rufe bakin kowa, Goggo ta sa Kaka ta kwanta a tabarma, Hawaja ya tsallake ta sau uku kamar yadda ake sa maye ya yi. Ya tattare farin wandonsa ya tsallake. Wata mai goyo ce ta fara miƙo wa Kaka fura. Ran da jirgi ya tashi, Kaka tana ciki.

"Ƙurunƙus," in ji ta, tana sauke kasko. "Sai dai wannan ba a kan ɓera ta ƙare ba, a cikina ta ƙare."

Ni a lokacin ina ji da karatun makaranta. Na ce, "Ya Kaka, yaani kin yarda kurwarki ce a ciki?"

"Ni da na san inda ƙofar akwati take?"

"To me ya sa kika sha?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta me ya sa ake shan ruwa. "Ƙawata, jirgi nake so in shiga, ba gardama nake so in ci ba."

Sau da yawa muka sa ta maimaita labarin nan, kuma kullum Goggo Hansai muke yi wa dariya. Shekaru na yi ina ɗaukarta jahila. Sai da na girma, na yi aiki cikin mutane, na sha gaya wa mai jin tsoro gaskiya tsirararta ina ganin tana zamewa daga kunnensa, sannan na fara tantama. Har yau ban san ko Goggo ta yarda da maganar kurwar ba. Abin da na sani shi ne malami ya yi wa'azi bai ci ba, Hawaja ya tona asirinsa bai ci ba. Ita ce ta nemo hanyar da mutane za su janye maganarsu ba tare da sun ji kunya ba, ta yi ta da ƙwarya da ruwan zafi.

Da Kaka ta rasu, muka bincike akwatinta muna neman hoton da za mu ajiye. Ɗaya muka samu, na jikin iƙama, wato takardar izinin zama, ta tsufa, ta ɗaure fuska kamar mai hoton ya zage ta. Na riƙe shi na ji haushi ya taso mini. Na ce wa Zainabu, da Goggo Hansai ta bar ko taƙi ɗaya na sharit ɗin nan, da yau mun ga Kaka tana budurwa, tana tafiya, tana motsa baki.

Zainabu tana ninke zannuwan Kaka, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Madugu daga farko har ƙarshe ya duba. Da ya ga saura ɗaya, wa zai haifi babanmu, balle ke mai son kallo?"

Na zauna a bakin gadon na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Tun daga ranar ba na yi wa Kaka addu'a in bar Goggo Hansai a baya. Shi kuwa Hawaja, ban san sunansa ba, ban san inda ƙasa ta rufe shi ba, sakamakonsa yana wurin Allah. Mutumin da sana'arsa ɓatar da mutane ce, rana ɗaya ya ɓatar da sana'ar don wata yarinya mai wanki ta sami wurin zama a jirgi. Mu arba'in da wani abu ne yanzu, 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne, daga Kurayyat har unguwar Sharafiyya, kuma babu wanda ya taɓa ce masa an gode.

To, Hawaja, an gode.