Mai Fassara wa Kujera

A silimar nan ta Wagadugu, inda ake kai wa 'yan kallo abinci har kujera, Lizeta mai raba faranti ta san kowa da abin da yake ci. Wani dattijo ne kaɗai ko sunansa ba ta sani ba.

Dogo ne siriri, rigarsa ta saƙi ta koɗe amma ta sha guga. Duk Lahadi da la'asar yakan zauna a layin ƙarshe, ya ɗora hularsa a kujerar hagu.

"Baba, yau ma wake da shinkafa, cokali biyu?" in ji Lizeta.

"Eh, 'yata. A rage barkono, ba ta so."

Da an fara fim sai ya karkata hagu, ya kare baki da tafin hannu, yana mayar da Faransancin 'yan wasa zuwa yaren Mosi a hankali. Lizeta tana ganin shekaru ya yi yana yi wa wata mata haka, wadda ba ta taɓa shiga aji ba. Ko rasuwa matar ta yi ko tafiya, Lizeta ba ta da bakin tambaya.

Ga shi an zo wurin ban dariya, ɗakin ya kece da dariya, shi ko yana ta fassara. Sai da kowa ya yi shiru ya ƙarasa, ya dubi hular yana murmushi, yana jira.

Lizeta tana bayansa da tire. Faransancinta na kasuwa ne, ita ma sai yanzu ta gane. Ta cije leɓe ta haɗiye dariyar. Ba tata yake jira ba.