Hodar da Ta Ci Matar Kourabi

A tsibirinmu na Abemama ba abin da gishirin teku ba ya ci, daga kwanon rufi har haƙurin miji. Mutum ɗaya na sani da ya tsaya ya yi kokawa da shi, Ten Kourabi, wanda ƙuruciyarsa ta ƙare a jiragen ruwa na dakon kaya yana kankare tsatsa. Ya dawo gida ba mata ba ɗa, sai gwiwa mai ciwo da akwatin sukudireba.

Da kantin haɗin gwiwarmu na masu busar da kwakwa ya sayi kwamfuta, shi aka ba kulawarta. Sharaɗi ɗaya shugaban kwamiti ya gindaya masa: muddin tana aiki, aikin nasa ne, da ɗakin bayan kanti da yake kwana. Ranar da ta mutu, sabuwa za ta zo daga Tarawa, babban birninmu, da mai kula da ita.

To, ko jinjiri bai ga gatan da wannan kwamfuta ta gani ba. Ya ɗaga ta daga ƙasa, ya kafa mata akwati da ƙwan lantarki a ciki don korar danshi. Ranar Asabar sai ya kwance bayanta, ya bi fankar cikinta da gashin kaza, ya kori tsaka da tururuwa. Mai jiƙaƙƙen hannu ko sigari ba ya wuce bakin ƙofa. Kwamfutocin makaranta da na asibiti suka yi ta mutuwa ana sakewa, tasa na nan tana tari tana aiki.

Nakan leƙa in ce, "Kourabi, yaya uwargida? Ta kwana lafiya, ko ka hana ta barci da shafe-shafenka?"

"Nei Bwena, ta fi ki lafiya. Ita ba ta tsegumi."

"Don ba ta san me kake yi da tsufanka ba ne, tsohon banza!"

Da shekaru suka tura, kwamiti ya ce a yi masa walimar girmamawa a zauren taro. Aka ɗauko kwamfutar aka kunna ta a tsakiya, don jama'a su ga tana raye. Aka ci kifi da shinkafa, aka ɗora masa rawanin furanni. Sai mata suka taso da rawa, kowacce da gwangwanin hoda da kwalbar turare, don a nan haka ake karrama mutum: a bulbule masa wuya da hoda, a feshe shi.

Shi kuwa kunya ta rufe shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba ni na cancanta ba, ita ce ta yi aikin."

Kowa ya san irin wannan magana ta ladabi ce. Amma guɗa ta tashi, aka juya kan injin ana dariya. "Amarya ma ta samu nata!" Kafin ya miƙe da wannan gwiwa tasa, hoda ta tashi fari fat, turare na bin ta, fankar na zuƙewa. Yana ihu, ana tsammanin shi ma waƙar yake. Allon ya yi ƙifta biyu, ya ɗauke.

Ba wanda ya yi da mugunta, abin da ya fi ci masa rai ke nan, don bai samu wanda zai zaga ba. Ya kwance ta gunduwa-gunduwa a kan tabarma, yana gogewa yana mayarwa, har jirgin da ke kawo mana kaya ya zo ya koma ya sake zuwa. Hoda da turare sun zama kunu a cikinta, danshi ya ƙarasa sauran.

Sabuwar ta iso, siririya kamar faranti, da wata malama mai takardar shaida. Aka roƙe shi ya bar ɗakin cikin ladabi. Ya koma rumfar wani ɗan ƙanwarsa a can ƙarshen ƙauye.

Na kai masa gasasshen kifi, na same shi zaune hannuwa a cinya, yatsun na motsi su kaɗai. Na ce, "Tashi ka aure ni mana. Ni ma tsohuwar inji ce, duk gaɓoɓina tsatsa."

Na jira zagin da ya saba rama mini. Ya dube ni ya ce, "Na gode, Nei Bwena. Ajiye nan."

Tun ina budurwa nake tsokanar wannan mutum, bai taɓa yi mini godiya ba sai ranar. Na dawo gida na ce wa 'yata ta fara saƙa masa tabarmar binnewa, irin wadda muke naɗe mamaci a ciki. Ba ta daɗe da gamawa ba aka buƙace ta.