Yaya Nasidi da Muryar da Ba Tasa Ba

Ranar Laraba, sha biyar ga watan Oktoban 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana Nasidi Tsoho Garbadu a gidan surukansa da ke Maradun, yana da shekara sittin da uku. Shi Ya ba mu aronsa, Shi Ya karɓi abinSa, wurinSa kuma za mu tarar da shi. An yi masa sutura bayan La'asar a wannan rana.

Ni ƙanwarsa ce ta ciki ɗaya, ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Bakura. Na ɗauki alƙalami ne saboda yawancin waɗanda suka san fuskarsa a 'yan watannin nan cikin waya suka gan ta, da ƙarya rubuce a ƙarƙashinta.

Yaya, a bakinka na fara jin kalmar kwamfuta. Ina 'yar firamare a Garbadu ka zo hutu daga jami'a, Inna ta tambaye ka abin da kake karantawa, ka ce kana koyon yadda ake yi wa inji magana ya ji. Ta ce in haka ne ka je ka yi wa injin niƙan bakin kasuwa faɗa ya daina cinye mata gero. Ka yi dariya har hularka ta faɗi. Daga baya muka fahimci aikinka shi ne rubuta umarnin da kwamfuta ke bi, abin da yanzu ake kira manhaja. Ka yi shi a Kaduna, ka yi shi a Legas, sama da shekara talatin.

Ka so aikin nan a farko. Kakan ba mu labarin ranar da ka ga ma'aikacin wani asibiti ya nemo bayanin majinyaci cikin kwamfuta nan take, maimakon ya wuni yana zazzage kwalaye, ka ce ranar ka koma gida kamar an yi maka sarauta. Amma a shekarun ƙarshe duk hutun da ka zo, da ƙorafi kake zuwa. Ka ce ana wuni ana taro a kan aikin da taron ya hana a yi. Ka ce shugabannin da ba su kai Imrana ɗanka a shekaru ba suna sauya ra'ayi kowane mako, ba a gama abu ake fitar da shi, in ya lalace a hannun mutane a ce ku gyara da gaggawa. Akwai lokacin da kamfanin da kake wa aiki ya sa manhajar da ke lura da duk sa'ad da ma'aikaci ya ɗauke hannu daga kwamfuta, har aka kira ka ofis ka yi bayanin inda kake ɓacewa da rana. Azahar kake zuwa.

Abin da ya fi ci maka rai shi ne da aka ce ku gano abin da ke fusata mutum ku riƙa tura masa shi, domin mai fushi ba ya ajiye waya. Bayan haka aka kawo injin da ke rubuta manhaja da kansa, aka mayar da kai mai bin bayansa kana share ɓarnar da ya yi. Ka ajiye aiki, ka tattara iyalinka, ka dawo Talata Mafara da 'yar ƙaramar waya mai maɓallai a aljihu.

A gida ma ba ka huta ba. Kakan shiga zaure ka yi sallama ka tarar kowa ya sunkuyar da kai kan tafin hannunsa. Wata rana ka dawo daga hanyar Sakkwato ranka a ɓace, ka ce mota ta kife, samari sun kewaye ta suna ɗaukar hoto, sai wasu dattawa biyu ne ke ta fama da ƙofa. Mukan yi maka dariya, muna cewa mutumin da ya kawo mana zamani shi ne ya fi kowa gudunsa.

Duk da haka ba wanda ya zo ƙofarka da matsalar waya ko kwamfuta ya koma da ita. Tsofaffin matan da aka rufe wa layin waya, kai ke raka su ofishin kamfanin wayar ka bi musu layi cikin rana suna zaune a inuwa. Da ka ga manoman Bakolori na wani yanki suna kai wa juna duka a kan rabon ruwa, ka zauna da shugabanninsu, ka rubuta musu 'yar manhaja mai tura wa kowa saƙo a ƙaramar wayarsa ranar da ruwa zai biyo ta gonarsa. Ba ka karɓi komai ba. Su ne dai suka ƙi bari, kullum tsakar gidanka da albasa da shinkafa har Taiba matarka ta rasa inda za ta zuba. Saboda wannan aikin ka kafa dogon ƙarfe a kan rufin gidanka, da faifan hasken rana a gefensa.

Cikin daminar bana 'yan bindiga suka tare hanya kusa da wani ƙauye suka kwashi mutane. Ba a daɗe ba wani saƙo ya fara yawo a wayoyi. Hotonka ne, da hoton ƙarfen rufinka, da murya tana gaya wa wani irin motar da za ta biyo da waɗanda ke cikinta. A ƙasa an rubuta: ga infoman.

A ɗakin malamai na fara jin sa, daga wayar wata abokiyar aikina da ba ta san dangantakarmu ba. Muryarka ce, Yaya, har da ɗan gyaran muryar da kake yi kafin ka fara magana. Na fita bayan aji na kira ka. Ashe ka riga ka ji.

Ka ce, "Auta, muryata ce, amma ba ni na ba. Bayanin da nike ma manoma sunka ɗauka, sunka ba inji ya kwaikwaya. Aikin da ba ya kai a sha kofin shayi."

Na ce to ka fito ka yi wa mutane bayani mana, tunda kai ka san abin.

Ka ce, "Na san yadda aka yin shi. Shi ya sa nike tsoro."

Ban taɓa jin ka ambaci tsoro ba sai ranar.

Har yau ba mu san wanda ya haɗa wannan abu ba. Wasu sun ce wani ne da rabon ruwa bai yi wa daɗi ba, wasu sun ce masu kai rahoton na gaskiya ne ke son a kalli wani wuri. Ba zan nuna kowa ba, domin nuni ba hujja shi ya kai mu inda muke. Amma duk ɗan ƙasar nan ya san abin da kalmar infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto, ke jawo wa wanda aka liƙa wa ita. Mutane sun rasa 'ya'ya, sun rasa gonaki, zukata sun cika, neman inda za su sauke kawai suke yi.

Da ƙafarka ka je wurin hukuma ɗauke da kwamfutarka, ka sa aka sauke ƙarfen. Suka bincika ba su ga komai ba. Limamin unguwa ya sanar bayan sallah cewa an wanke ka. Sai dai sanarwar waɗanda ke masallaci kaɗai suka ji ta, muryar kuwa tana aljihun kowa. Taiba ta ce min ka fara dawowa daga sallah kana cewa an bar maka fili dama da hagu a sahu. Masu kawo waya gyara suka ɗauke ƙafa. Da rana tsaka sai a ji dutse a kan kwanon gidanka.

Wata Talata ka shiga kasuwa sayen magani. Samari suka biyo ka, ɗaya ya ɗaga waya sama muryar na tashi, wasu na ɗaukar hoto, wasu sun fara zare itace daga rumfuna. Allah Ya sa ta layin mahauta ka bi. Maiwada, abokinka tun na yarinta, ya fizgo ka cikin rumfarsa, ya ajiye wuƙarsa a kan teburi inda kowa zai gani, ya tsaya a ƙofa hannu wofi.

Ya ce musu, "Duk mai son shi, shi fara da ni. Tare munka tashi, na san uwar da ta haife shi."

Sauran mahauta suka taso suka tsaya bayansa, taron ya ja baya amma bai watse ba. Kafin La'asar Maiwada ya saka ka cikin motar shanu, a tsakiyar dabbobi, ya kawo ka gidana a Bakura.

Ba zan manta yadda ka shigo ba. Ba hula, riga duk kashin shanu. Ka yi ƙoƙarin wasa, ka ce ka hau jirgi ka hau jirgin ƙasa, amma ba ka taɓa samun abokan tafiya masu kawaici irin waɗannan ba. Na miƙa maka ruwa, ka shanye a tsaye.

Zaman da ka yi wurina zaman ɗari-ɗari ne. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai mu yi tsit, mu kalli juna, har ya tashi. Ina aji ina koyarwa, kunnena na gida. In na ga mutum biyu sun haɗa kai kan waya ɗaya a hanya sai in sauya hanya. Wata rana muna zaune ina tsintar shinkafa na fara yi wa masu yaɗa abin mugun baki, ka hana ni. Ka ce mafi yawansu tsoro ne ya sa su, kamar yadda ya sa mu ɓuya.

Ka ce, "Mu munka gina hanyar, Auta. Shekara talatin muna gina abin da zai kai magana ko'ina kafin a ƙyafta ido. Ban tuna ranar da anka tara mu anka tambayi mi za a yi in maganar ƙarya ce ba."

Ba mu san wanda ya hango ka ba. Mun dai wayi gari hoton ƙofar gidana ya shiga wayoyi. Maigidana ya ɗauke ka a ranar ya kai ka Maradun, gidan mahaifin Taiba, dattijon malamin da ake jin nauyinsa. Maigidan nawa ya ce min duk tsawon hanyar bai san wanda ya fi tsoro ba, masu fitowa daga daji ko masu tsaron hanya da ka iya gane fuskarka.

A Maradun jikinka ya ƙi. Dama kana da hawan jini. Taiba ta yi ta roƙon ka je asibiti kana cewa gobe, kuma ta san dalili: ba ka son zama kan benci cikin mutane kowa da waya a hannu. Sai dai a kawo mai duba ka gida. Ranar Larabar ka yi sallar Asuba a zaune. Da rana ta ɗaga ka ce mata ta buɗe tagar da ke rufe tun ranar da ka zo. Ta buɗe. Ka daɗe kana kallon bishiyar da ke tsakar gida, kana salati a hankali, har ta lura ka daina.

Na iso an gama yi maka wanka. Muka zauna a cikin gida, mata, muna sauraren waje, zuciyata ta rabu biyu: ina tsoron kada kowa ya zo, ina kuma tsoron waɗanda za su zo. Can muka ji ƙarar babura masu yawa sun nufo unguwar. Fiddausi 'yarka ta riƙe ni har farcenta ya shiga hannuna. Wata tsohuwa ta ce a kulle ƙofa. Baburan suka tsaya, muka ji takun mutane, sai kuma sallama, da muryar Maiwada. Manoman Bakolori ne ya zo da su. Sun bar aikin shinkafa, sun biyo hanyar da kowa ke gudu, wasu uku a kan babur ɗaya, da laka a ƙafafunsu. An ce sahu ya cika layin har ya karya kwana, kuma ba a bar fili ko na tafin hannu ba.

Da a ce abin ya tsaya nan da na yi shiru. Amma muryar na nan na yawo, yanzu an ƙara mata cewa baƙin cikin tonon asiri ne ya kashe ka. Imrana ya goge sunan Garbadu daga shafinsa na sada zumunta. Ni kuwa tun daga lokacin ban ƙara tura wa kowa saƙon murya ba, in an turo min kuma nakan daɗe ina kallon sa kafin in buɗe. Muryata na cikin wayoyin iyayen ɗalibaina, ta liman na cikin wayoyin masu bin sa, taku ma masu karatu tana hannun wani. Ina roƙon duk wanda abin nan ke wayarsa, don girman Allah ya goge shi. Wanda ya tura kuma ya koma wa waɗanda ya tura wa ya gaya musu Nasidi bai faɗi wannan magana ba.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Nasidi, Ka yafe masa kurakuransa, Ka sanya firgicin da ya gani ya zama kankarar zunubi. Ka amintar da shi a kabarinsa, Ka haɗa shi da Inna da Baba cikin rahamarKa. Waɗanda aka sace a wannan hanya da sauran hanyoyinmu, Ka mayar da su ga iyalansu. Ka kawo mana zaman lafiya a ƙasar nan, Ka tsare harsunanmu da yatsunmu.

Ina miƙa ta'aziyya ga Taiba, wadda ta ɗauki abin da ba kowace mace za ta ɗauka ba, da Imrana da Fiddausi, da surukanmu na Maradun da suka buɗe ƙofa lokacin da buɗe ta ke da haɗari. Maiwada da mahautan kasuwar Mafara, da manoman da suka raka shi makwancinsa, Allah Ya saka muku, Ya tsaya muku ranar da ba mai tsaya wa wani.

Da na gama rubutun nan maigidana ya karanta, ya ce komai daidai ne, amma kada in sa suna. Na san yana da gaskiya. Sai dai ƙaryar da aka yi wa yayana ba ta zo da sunan kowa ba, ni kuma ba zan bar shedata ta fita haka ba.

Sa'adiya Tsoho Garbadu
Bakura