Sunan da Ya Fito a Ƙuri'a

Shekara hamsin da huɗu Gye Man-su ya yi yana sassaƙa hatimi a wani ɗan shago da ke bakin kasuwar kifi ta Sokcho, kuma ba a taɓa mayar masa da aiki don kuskure ba. Duk wanda zai sayi gida ko ya rubuta aure a unguwar, da sunan da Gye ya sassaƙa masa yake dangwala jan tawada. Gargaɗinsa ga kowane mai saye ɗaya ne: hatimin mutum shi ne mutum, ba a ba da aronsa ko ga ɗan cikinka.

Yana da shekara goma sha uku mahaifinsa ya jefa shi cikin jirgin masunta a gaɓar Arewa, ana tsakiyar yaƙin da ya raba ƙasar gida biyu. Aka bar mahaifiyarsa da ƙanwarsa Bok-nyeo, mai shekara bakwai, a kan za a dawo ɗaukarsu bayan kwana uku. Kafin kwanakin su cika hanya ta rufe. Da aka shekara talatin babu labari, Gye ya ƙidaya su cikin matattu, ya riƙa yi musu hidimar tunawa kowace shekara a ranar rabuwar: shinkafa, da miya, da busasshen kifi, da sunayensu a farar takarda wadda ake ƙonawa bayan an rusuna.

Wannan ne tushen siyasarsa, kuma bai taɓa ɓoye ta ba. Tun da jam'iyyar masu sassaucin ra'ayi ta karɓi mulki ta fara zawarcin Arewa, mako bai taɓa wucewa Gye bai aika wa jarida wasiƙa da rubutun hannunsa ba. Hujjarsa ita ce gwamnati tana miƙa hannu ba tare da sharaɗi ba, ana saka mata da gwajin makamai. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ganawar iyalan da yaƙi ya raba: a cikin dubban tsofaffi a zaɓi ɗari ta hanyar ƙuri'a, a kwashe su a mota zuwa Arewa, a ba su kwana uku a gaban masu ɗaukar hoto, sauran kuwa su mutu suna jira. Saboda iya tsara magana, ƙungiyar 'yan asalin Arewa ta ɗora masa rubuta jawabin gangamin da za ta yi ranar Asabar, kuma shi zai karanta.

Ranar Talata 'yarsa Hye-ok ta shigo shagon da wata takarda, ta tsaya ba ta zauna ba.

"Baba, ajiye wuƙar tukuna."

"Yi maganarki, ba da hannu nake ji ba."

"Sunanka ya fito a ƙuri'a. An bincika can, Goggo Bok-nyeo tana raye. Suna son amsarka kafin yammacin Juma'a."

Gye ya ajiye wuƙar a hankali. "Yaushe na sa sunana?"

"Ni na sa. Shekara bakwai ke nan, ranar da ka ba ni hatiminka in je in cike maka takardun fansho."

Abin da ya fara zuwa masa ba fushi ba ne, tsoro ne: shekara talatin da takwas yana jera wa mai rai abincin matattu, yana ƙona sunanta.

"Kin yi mini sata, Hye-ok."

"Na yi, Baba. Ka kai ni ƙara bayan Juma'a."

Magana ba ta kwana a kasuwar kifi. Ranar Alhamis shugaban ƙungiyar, Ma Tae-gil, tsohon soja mai ɗingishi wanda ya girme shi da shekara biyu, ya turo ƙofar shagon da sandarsa.

"Barka da arziki, babban marubuci! An ce gwamnati ta aiko maka da goron gayyata."

"Zauna, Yaya, ƙafarka."

"Bar ƙafata, ita dai ba ta taɓa sauya hanya ba. Za ka je?"

"Ban ba su amsa ba."

"Amsar tana cikin jawabinka, sakin layi na uku. Na haddace shi. 'Duk wanda ya hau motar nan ya ba da aron hawayensa a wanke wa gwamnati fuska.' Wa ya rubuta? Ni, da ko sunana sai kai ka sassaƙa mini?"

"Ni na rubuta, kuma ban janye ba. Gwamnatin nan ba ta nemi a ba mu ko damar aika wasiƙa ba."

"To, me ya rage?"

"Ƙanwata ta rage, Yaya. Shekararta saba'in da biyar."

Ma Tae-gil ya buga sanda a ƙasa har gwangwanin tawada ya girgiza. "Kai kaɗai ke da ƙanwa? Mutum arba'in da ɗaya muka binne a ƙungiyar nan suna jira! Idan ka hau motar, gobe a nuna ka a talabijin kana sharɓar kuka, su ce ga mai zaginmu ya dawo hanya. Ka zaɓa, Man-su: ko dandamali ranar Asabar, ko motarsu. Ba a hawa biyu."

Bayan fitarsa Gye ya ɗauko jawabin ya bi shi layi-layi da fensir, kamar yadda yake bin sunan mai saye kafin ya sa wuƙa. Ya nemi wurin da ya yi ƙarya don ya sami mafita, bai samu ba. Ranar Juma'a, saura rabin sa'a a rufe ofishin masu shirya ganawar, ya sa baƙar kwat ɗinsa ya tafi shi kaɗai. Ma'aikaciyar ta nuna masa gurbin sa hannu. Ya fito da hatiminsa, ya dangwala a jan tawada, ya danna a takardar, sunan ya fita a karkace.

Duk da haka ranar Asabar ya je gangamin. Ya miƙa wa Ma jawabin ba tare da ya goge ko kalma ɗaya ba, Ma ya karɓa bai dube shi ba, ya ba ma'ajin ƙungiya ya karanta. Gye ya tsaya cikin taro, mutanen da ke gefensa suka riƙa matsawa har fili ya buɗe kewaye da shi. Inda aka soki gwamnati a kan makamai ya tafa, inda aka ambaci tsofaffin da suka mutu suna jira ya tafa. Da aka iso sakin layi na uku, kawuna suka juyo gare shi, wata tsohuwa ta ce da ƙarfi, "Ga shi nan tsaye, ba kunya!" Gye bai sunkuyar da kai ba, bai kuma tafa ba.

Da aka watse, abokansa suka nufi gidan taliyar da suka shekara ashirin suna haɗuwa, babu wanda ya ce masa ya zo. Ya bi ta kasuwar tufafi inda Hye-ok take jiransa, domin an ce ana iya tafiya da tsaraba, kuma hunturun can ba ya wasa. Wata mai shago ta jero masa rigunan sanyi na mata, ta tambaye shi:

"Wace lamba take sawa, Baba?"

Gye ya ɗaga hannu zai kwatanta tsawo, hannun ya tsaya daidai ƙugunsa, tsawon 'yar shekara bakwai. Ya dube shi, ya sauke.

"Ba ni ƙarama da matsakaiciya da babba," ya ce. "Ta zaɓa da kanta."