Lallen Inna da injin likita

"Inna, wa ya ƙunsa miki lallen ga?"

Majo ce ke tambaya, babbar ma'aikaciyar jinya a gidan likita na Filingue. Mun kawo mahaifiyata daga ƙauye tana numfashi da ƙyar. An maƙala mata ɗan injin nan na yatsa mai auna iskar jini, lamba na hawa tana sauka, ta ƙi tsayawa. Yatsun sun yi sanyi, ga baƙin lalle har farce.

Ni na ƙunsa mata ana gobe za mu taho, don ta rantse ba ta shiga gari da farin hannu. 

Majo ta ce, "Lallen ya hana injin ganin jininki."

Inna ta ja numfashi ta ce, "To shi duba wani wuri mana. Ɗiyata ta yi min, kuma ya kama."

Majo ta yi dariya ta mayar da injin a kunnen Inna. Nan lamba ta tsaya, ƙasa ƙwarai. Da gudu aka jona mata iska. Damina biyu Allah ya ƙara mana da ita.

Yau a Yamai aka maƙala min irin injin nan, nan take ya karanta. Hannuna fari fat. Tun rasuwarta ban sake kwaɓa lalle ba.

Ku fa, wane ɗan abu ne ke dawo muku da mahaifiya?