Jarkar da Na Ɗauko wa Mushe

Ku da kuka gaji tsintsiyata a lise, sakandaren nan tamu, ku matso. Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da wata Juma'a ba, zamanin ina shara a ɗakin gwaje-gwaje a nan Garwa.

Akwai malamin kimiyya, Mushe muke ce masa, yadda ake kiran malami da Faransanci. Shi da ɗalibansa suna ƙera roka, wani bututun ƙarfe mai tashi sama. Ya ce mai zuwa duniyar wata ba ya iya ɗaukar man dawowa, sai ya haɗa shi da abin da ya tarar a can. To su ma da abin Garwa za su koya: arki, giyar nan ta dawa, in an ƙara tace ta tana cin wuta.

Ƙa'idar makaranta, ba a aiken ɗalibi gidan giya. Sai ya dube ni.

"Dada, ke ba wanda zai zarga."

Na ce, "Mushe, na je Makka fa."

Ya ce, "Shi ya sa."

Zuwa bai yi wuya ba. Na karɓo jarka, bakinta toshe da totuwa, na lulluɓe da mayafi. Ina fitowa titi sai ga mijin 'yata kan babur, cikin farar riga, zai tafi masallaci. Ya sauka ya durƙusa.

"Inna, ke da kaya ina raye? Kawo."

A wurinmu ba a jayayya da suruki, ko sunansa ba na faɗa. Ya ɗora jarkar a cinyarsa, na hau baya. Ramin farko, totuwa ta fice.

Wari ya tashi. Bai juyo ba. Ya sauke ni ƙofar lise, riga sharkaf, ya ce, "Allah ya ƙara lafiya, Inna." Ranar bai samu Juma'a ba.

Da yamma 'yata ta shigo da rubutu a kwalba, tana kuka. Wai mijinta ya karɓo mini, maganin barin sha ne, kuma ba zai gaya wa kowa ba.

Rokar ta tashi, ta wuce kan dalbejiya, ta faɗo a filin ƙwallo. Aka tafa wa Mushe. Da na roƙe shi ya je ya wanke ni, ya ce sai bayan jarrabawa. Kafin nan aka mayar da shi can garin Poli.

'Ya'yana, masu kallon sama ba su tambayar wa ya ɗauko jarka. In an aike ku, ku fara tambayar hanyar dawowa. Surukina ya rasu yana rufa mini asirin abin da ban taɓa kurɓa ba.